Tsoho a Gaban Likita: Wa Ke da Ikon Cewa A Yi?

Jama'a, ku sani tsufa ba hauka ba ne. Sau da yawa a asibitocinmu na ƙasar Haɗejia 'ya'ya kan kawo mahaifinsu, a yi wa babban ɗa bayani, shi ya sa hannu a takardar tiyata, mai jikin kuwa yana zaune ba wanda ya tanka masa. Wannan kuskure ne. Tun 2001 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar Dokta Okonkwo, ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani, ko da ƙin zai kai shi ga rasa rai.

Saboda haka aikin likita na farko shi ne ya gwada dattijon da kansa. Ya fahimci ciwon? Ya riƙe bayanin har ya auna amfani da haɗari? Zai iya faɗin zaɓinsa? A nan Birniwa sai an lura ƙwarai, domin tsohuwar da ta yi shiru wataƙila kunne ne ya yi nauyi, ko kuwa Manganci ko Fulatanci ne harshenta. A nemo tafinta kafin a ce ta ruɗe. Haka kuma zazzaɓi, ciwon mafitsara ko faɗuwar sukari kan birkita tsoho cikin dare ɗaya, a yi magani ya dawo garau. Wannan daban yake da gigin tsufa, mai shigowa sannu a hankali cikin shekaru. Idan abin ba na gaggawa ba ne, a jira ya wartsake a tambaye shi. Idan abin ya faskara, akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure.

In ya tabbata ba zai iya zaɓi ba, sai a zauna da iyali. Amma tambayar da za a yi musu ita ce, "Da Baba yana cikin hayyacinsa, me zai so?" Ba abin da ya fi musu sauƙi ba. In kuwa tsoho yana kwance rai a hannun Allah, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai larurar gaggawa bisa kowane dalili.

Sai batun dukiya, inda son zuciya ya fi shiga. Wani kan zo neman takardar likita cewa tsoho na cikin hankalinsa, don a dangwala yatsansa a sayar da fadama. Kada likita ya rubuta sai ya duba shi a ranar, shi kaɗai, ba da mai sayen a ɗaki ba. In hankalin ya gushe, a kai maganar gaban alƙali ya naɗa waliyyi.