SHIN DOLE NE SUNAN MUSULMI YA ZAMA NA LARABCI?



'Yan uwa, akwai tambayar da ke yawan zuwa daga masu jiran haihuwa da masu shirin raɗin suna: wane suna ne na Musulunci, wanne ne ba na Musulunci ba? Mafi yawan masu tambayar sun riga sun yanke hukunci a ransu, wai duk sunan Larabci shi ne na addini, na Hausa ko Fulatanci ko Barbarci kuwa na gargajiya ne. Har ka ga saurayi yana jin kunyar Tanko ko Gambo da ake kiransa a gida. To bari mu bi abin a hankali.

Mu fara da sunayen Annabawa. Malaman Nahawu sun faɗa cewa Ibrahim, Isma'il, Ishaƙ, Ya'aƙub, Yusuf, Yunus, Musa da Dawud duk sunayen ajami ne, wato asalinsu ba Larabci ba ne. Shi ya sa ba a yi musu tanwini, kuma duk ɗalibin da ya kai babin mamnu'u minas sarfi ya san wannan. Waɗanda aka fi ambata a matsayin na Larabci tsantsa huɗu ne: Hudu, Salihu, Shu'aibu da Muhammad, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su baki ɗaya.

Isma'il a harshen Ibraniyanci yana nufin Allah Ya ji, wato Ya amsa addu'a. Yusuf yana nufin Allah Ya ƙara. Ishaƙ kuwa daga kalmar dariya aka samo shi, kuma idan ka buɗe Suratu Hud aya ta 71 za ka tarar an ambaci dariyar matar Annabi Ibrahim a daidai wurin da aka yi mata bushara da shi. Wannan "il" da kake ji a ƙarshen Isma'il, Jibril da Mika'il, Imam Bukhari ya kawo daga Ikrima cewa Allah take nufi. Duk da haka, da aka haifa wa Manzon Allah (SAW) ɗa daga Mariyatul Ƙibɗiyya, Ibrahim ya sa masa. A cikin sahabbansa ma akwai Fairuz Addailami, wanda ya kashe Aswadul Ansi maƙaryacin annabta a Yaman. Sunan Farisanci ne da shi, kuma da shi ya rayu har ya koma ga Allah.

Su kansu sunayen Larabcin da muke girmamawa, mene ne asalinsu? Khadija ita ce wadda aka haifa watanninta ba su cika ba, bakwaini kenan. Faɗima daga yaye aka samo ta. Bakr saurayin raƙumi ne, Ja'afar ƙorama, Usama zaki, Bilal danshin ruwa, Harisu mai noma da nema. Ka ga ashe Balarabe ma yanayin haihuwa da dabbobi da abin da ke kewaye da shi yake dubawa ya raɗa suna, kamar dai yadda Bahaushe ya ce Tanko ga namijin da ya biyo mata, Kande ga macen da ta biyo maza, Gambo ga mai bin tagwaye, Nomau ga wanda ya zo lokacin noma. Darajar Khadija da Faɗima daga bayin Allahn da suka ɗauki sunayen ta zo. Kuma wannan babbar daraja ce, kada wani ya ce na rage ta. Sanya wa ɗa sunan Annabi ko sahabi abu ne mai falala, kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa sunayen da Allah Ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman.

Sunayen da Annabi (SAW) ya canza kuwa, ku lura, Larabci ne zalla. Ya canza Barra zuwa Zainab saboda akwai yabon kai a ciki. Ya canza sunan wata 'yar Sayyidina Umar daga Asiya zuwa Jamila. A nan sai a yi hattara, don rubutun boko ya haɗe mana sunaye biyu. Asiya mai ainun da sadun tana nufin mai saɓo, ita aka canza. Asiya mai alif da sinun ita ce matar Fir'auna, muminar da Annabi (SAW) ya yaba, ita ce kuma muke sa wa 'ya'yanmu. Sai kakan Sa'id bin Musayyib, sunansa Hazn, wato ƙasa mai tsauri. Annabi (SAW) ya so ya mayar da shi Sahl, mai sauƙi, shi kuma ya ce ba zai bar sunan da ubansa ya sa masa ba. Sa'id da kansa ya ce tsaurin nan bai gushe a cikin zuriyarsu ba. Subhanallah!

To abin da shari'a take bincika shi ne ma'ana. Ibn Hazm ya hakaito ittifaƙin malamai kan haramcin duk sunan da ke bautar da mutum ga wanin Allah, irin su Abdul Ka'aba da Abdul Uzza, in ban da Abdulmuɗɗalib da aka yi saɓani a kai. Daga nan za ka gane kuskuren masu yanke Abdurrahman su ce Rahman, alhali wannan suna na Allah ne Shi kaɗai. In gajartawa kake so, ga Abdu nan, ga Audu. Haka mai cewa ai a Alƙur'ani na ga kalmar. Malam, Fir'auna da Hamana da Ƙaruna ma suna ciki. Balle wanda ya tsinto suna a intanet ko a fim don kawai ya yi daɗi a baki, bai tambayi kowa ma'anarsa ba.

Sunayenmu na gida da yawa ma rassan na Musulunci ne. Mamman Muhammadu ne, Iro Ibrahim, Garba da Habu da Buba da Bukar duk Abubakar ne, Indo A'isha, Binta Faɗima. Shehu ya zama laƙabin Usman saboda Shehu Usman Ɗanfodiyo. Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu har zuwa Ashiru ƙirga ce ta Larabci, na ɗaya zuwa na goma, a gidan da aka maimaita sunan Muhammadu. Ladi, Talatu, Laraba, Lami, Jummai da Asabe sunayen ranaku ne, su ma daga Larabci muka aro su. Kunya ce ta haifi akasarin laƙuban nan, tunda uwa ba ta iya kiran sunan ɗan fari ko na surukinta.

Inda ake jin tsoro shi ne sunayen wabi. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa sai a ce wa jaririn Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da shi ba, wai don mutuwa ko iskoki su ƙyale shi. Matsalar a nan ƙudurin da ke bayan sunan ce, domin ajali a hannun Allah yake, ba a yi masa wayo. Wanda ya taso ya tarar ana kiransa haka ba shi da laifi, amma kada ya gadar wa ɗansa wannan tunani.

Saura suna na biyu, wanda ake cikewa a takardun makaranta da fasfo. Kusan kowace al'umma daga wurare uku take samo shi. Ko dai uba: "bin" a Larabci, "ɗan" a Hausa, "son" a ƙarshen Johnson na Ingila, "Mac" a wurin mutanen Sikotland. Ko sana'a: Smith na Bature da Haddad na Balarabe duk maƙeri ne. Ko gari: Bukhari mutumin Bukhara, Tirmizi na Tirmiz, Ƙurɗubi na Ƙurɗuba a Andalus, kamar yadda muke da Aminu Kano da Shehu Shagari. Turkiyya kam sai a 1934 aka kafa dokar da ta tilasta wa kowa ɗaukar sunan iyali. Shi kansa Imam Bukhari, kakan kakansa sunansa Bardizbah, kalmar Farisanci mai nufin manomi.

Jingina kai ga gari ko sana'a babu laifi. Abin da aka hana shi ne mutum ya jingina kansa ga wanin ubansa yana sane. Zaid bin Harisa an daɗe ana ce masa Zaid bin Muhammad, har aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta sauka da umarnin a kira kowa da sunan ubansa. Wannan ya shafi marayan da muka riƙa da agolan da ke gidanmu: a yi musu komai na alheri, amma a bar musu sunan mahaifinsu, don akwai gado da muharramaka a rataye da shi. Ya kuma shafi 'yar uwar da ke goge sunan mahaifinta bayan aure ta sa na miji. Uwar Muminai Safiyya ta auri mafificin halitta, mahaifinta Huyayyu bin Akhɗab kuwa yana cikin manyan maƙiyan Musulunci, amma har yau Safiyya bintu Huyayy muke karantawa a littattafan hadisi.

Wallahu a'alam.