Ƴan kyanwa a gindin rumbu

Lokacin ɗari ne. Da safe Hadiza ta ji kuka a gindin rumbu. Ta leƙa, sai ta ga ƴan kyanwa uku, idanunsu a rufe. Za ta ɗauke su, kakarta ta ce:

— Dakata, jikata. Wataƙila uwarsu ta tafi farauta.

Suka jira har azahar, uwar ba ta komo ba. Jikinsu ya yi sanyi. Kaka ta ce:

— Ɗumi kafin nono. Jinjirin kyanwa ba ya iya ɗumama jikinsa.

Hadiza ta shimfiɗa tsumma cikin kwando. Ta naɗe kwalbar ruwan ɗumi da zane, ta ajiye kusa da su. Da suka ɗumama, ta ba su madarar akuya ɗigo-ɗigo, suna kwance bisa cikinsu don kada su ƙware. Madarar saniya tana sa su zawo.

Kowace awa 3 sai ta ba su, dare da rana. In sun sha, ta shafa gindin wutsiyarsu da jiƙaƙƙen tsumma mai ɗumi don su yi fitsari, kamar yadda uwa take lasar su. Sannan ta wanke hannu da sabulu.

Ƙaramin ya mutu, Hadiza ta yi kuka. Sauran biyun suka buɗe ido bayan kwana 10. Da kaka ta zagayo, ɓeraye suka ƙaurace wa rumbu.

Tambayoyi
1. Don me Kaka ta ce a dakata?
2. Me ake yi kafin a ba su madara?