Wasiƙa ga matasa: a shirya wa tsufan iyaye tun suna da ƙarfi

Zuwa ga matasa maza da mata, na gida da masu neman abinci a Legas, Abuja ko Yamai.



Ma'aikacin gwamnati a Najeriya yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 a duniya, ko 35 a bakin aiki. Manomi da mai tebur a kasuwar Kurmi kuwa ba su da ranar ritaya. Suna nan suna fama har ranar da hawan jini zai shanye wa Baba ɓarin jiki, ko ciwon suga ya kai Inna ga wankin ƙoda. A ranar ne 'ya'ya ke fara buga wa juna waya: wa zai kawo nawa, wa zai kwana a asibiti?

Waɗannan tambayoyi da Sallah ya kamata a yi su, kowa ya zo gida, iyaye na zaune lafiya lau suna faɗin abin da suke so. Wani dattijo ba zai taɓa yarda ya bar gidansa da masallacin unguwarsu ya koma birni ba, gara a sani tun yanzu. A zaman nan ake tambayar inda takardun gona da na gida suke, da bashin da ake bin Baba da wanda yake bi. A nan kuma ake buɗe asusu, kowane ɗa ya riƙa zuba abin da zai iya duk wata, tamkar zubin adashi.

Dokar hukumar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa a Najeriya, jihohi kuma suna da nasu hukumomin, irin KSCHMA a Kano. Rajistar ba ta fara aiki ranar da aka yi ta, don haka tun tsoho yana tafiya da ƙafarsa ake yi masa. Uban da har yanzu ke sana'a yana iya shiga tsarin fanshon masu aikin kansu, wanda hukumar PenCom ta ƙaddamar a 2019. Na'urar awon hawan jini kuwa, a tanade ta a gida.

Sai maganar mai jinya. Galibi 'ya mace ce ko matar ɗa, mai juya tsoho don kada gyambo ya fito masa a baya, mai wanke zanin gado da asuba, mai dama kunu ta ba shi da cokali. Ɗan da ke turo kuɗi daga nesa bai sauke nauyi ba sai ya zo ya karɓe ta na 'yan kwanaki, ta samu barci.

Idan tsohuwa ta fara manta sunan jikokinta, ko tana fita ta ɓata a unguwarsu, kada a jingina mata maita. Alamun cutar mantuwa ne, likita za a kai ta ya duba, a kuma saka mata takarda mai lambar wayar babban ɗa a jikin tufafinta.

Allah Ya ba iyaye lafiya, Ya ba 'ya'ya ikon riƙe su.

Wassalam.