Yadda Ake Kai Rahoton Mushen Tsuntsu

A Ƙofar Kaura ta Katsina, in gari ya waye aka tarar da balbela a mace gindin bedi, yaro ake kira ya jefa ta bola. In guda ce, da sauƙi. Amma in suka kai uku ko huɗu wuri ɗaya, ko kajin gida suka bi sahu, wannan mushen shaida ne da likitan dabbobi yake nema.

Da farko ba a taɓawa da hannu. Akan kori yara da kaji da kyanwa daga wurin, a kife tsohon kwano a kai. Sai a ɗauki hoto da waya, na kusa da na nesa, a riƙe rana da wuri da yawan waɗanda suka mutu. A leƙa ƙafa kuma. Wasu tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai suna ɗauke da zobe mai lamba, kuma masu bincike irin na cibiyar APLORI da ke kusa da Jos da lambar nan suke gano inda tsuntsu ya fito.

Daga nan sai a sanar da ofishin likitan dabbobi na gwamnati, ko mai unguwa ya isar da saƙo. Ran nan, ba gobe ba, don ranar Katsina ba ta barin mushe ya kwana da kyau.

Likita yakan zo da safar hannu da takunkumi, ya lakato majina daga maƙogwaro da kashi daga dubura, ya sa a cikin kula mai ƙanƙara, a aika cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato. Can aka kai samfurin kajin gonar Sambawa ta Jaji a 2006, lokacin da aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka. A 2008 cutar ta sake ɓulla a Katsina da Kano.

Ba kullum cuta ba ce. A Satumbar 2021 an tsinci gawar fenguwin 63, tsuntsayen teku da ba sa tashi sama, a gaɓar Boulders ta Afirka ta Kudu. Da aka duba, sai ga harbin ƙudan zuma kewaye da idanunsu. Da an watsar da su, da har yau hasashe ake yi.

Bayan likita ya ɗauki samfur, abin da ya rage na mushen akan ƙona shi, ko a binne a rami mai zurfi da farar ƙasa, a wanke hannu da sabulu. Inda aka fi kuskure shi ne kan kazar da ta fara layi: sai a yi maza a sa mata wuƙa kada a yi asara. Mai figewa da mai fiɗa su ne suka fi kowa kusa da ƙwayar cutar, kuma a Janairun 2007 murar tsuntsaye ta kashe wata mata a Legas.