Amsoshin Tambayoyinku: Dokar Indiya da Masu Neman Jinsi Ɗaya

Malam Habibu daga Maraɗi ya aiko yana tambaya: shin da gaske ne Indiya ta halatta auren jinsi ɗaya?

To Malam Habibu, a'a, ba ta halatta ba. Abin da kotu ta yi shi ne cire hukunci, kuma cire hukunci daban, halatta aure daban.

Tushen maganar Sashe na 377 ne na dokar laifuka da Turawan Ingila suka kafa tun zamanin mulkin mallaka, wanda ya mai da mu'amalar jinsi ɗaya laifin ɗauri. A 2009 Babbar Kotun Delhi ta ce sashen ya saɓa wa tsarin mulki. A 2013 Kotun Ƙoli ta dawo da shi. Sai a 2018 ita dai wannan kotun ta sauya ra'ayi, alƙalai biyar baki ɗaya suka ce baligai da suka yarda da juna ba masu laifi ba ne. Daga nan hujjar kama su ta faɗi, haka ma barazanar kai ƙara da wasu ke yi don tatsar kuɗi.

Amma ɗan ƙasa ba tsira daga kurkuku kaɗai yake nema ba. Akwai gado, da riƙon yara, da fanshon abokin zama, kuma yawancinsu a kan takardar aure suke rataye. A 2023 Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da auren jinsi ɗaya, ta ce wannan aikin majalisa ne.