Matacin Sigina na Maikurostirif: Darasi Daga Kuskuren Awo

Gabatarwa

Abokin zamana a ɗakin kwanan ɗalibai injiniyan lantarki yake karanta. Bara ya kusa faɗuwa a aikinsa na kammala digiri saboda wani ɗan faranti da bai kai tafin hannu ba. Na zauna da shi dare uku yana neman inda ya yi kuskure, kuma abin da na koya shi ne zan kawo wa mai karatu.

Mene ne wannan mataci?

Sararin sama cike yake da sigina iri-iri: na rediyo, na wayar salula da na intanet. Kowace na'ura tana buƙatar mataci wanda zai bar siginar da take so ta wuce, ya tare wadda ta fi ta saurin kaɗawa da wadda ba ta kai ta ba. Ana iya yin sa da siraran layukan jan ƙarfe da aka shimfiɗa a kan faranti, bayan farantin kuma a lulluɓe da jan ƙarfe. Wannan shi ne maikurostirif. Wani injiniya ɗan Amurka, Seymour Cohn, ya bayyana hanyar tsara mataci da layuka masu jerawa gefe da gefe a 1958.

Yadda ake tsara shi

Layukan ba sa taɓa juna. Sigina tana tsallakawa ne ta ɗan gibin da ke tsakaninsu. Mai tsarawa zai lura da abubuwa huɗu:

1. Tsawo: kowane layi biyu suna jerawa ne na tsawon rubu'in zangon siginar da ake so. Zango kuwa shi ne wanda muke ji a rediyo idan an ce gajeren zango.
2. Gibi: idan ya matse, siginoni masu yawa za su wuce. Idan ya buɗe, kaɗan ne za su wuce.
3. Faɗi: yawanci ana daidaita mashiga da mafita a kan om 50. A farantin FR-4 mai kaurin milimita 1.6, faɗin layin kusan milimita 3 ne.
4. Yawa: mataci mai mataki 3 yana buƙatar jeri 4 na layuka bibbiyu.

Inda kuskuren yake

Abokina siginar Wi-Fi yake nema, wato gigahaz 2.4. Zangonta a cikin iska santimita 12.5 ne, rubu'insa kusan milimita 31, sai ya yanka layukansa haka. Ya manta cewa sigina tana rage gudu a kan faranti, don haka zangonta yakan gajarce. A kan FR-4 rubu'in yakan koma kusan milimita 17. Da aka gwada matacin nasa, sai aka ga siginar wajen gigahaz 1.3 yake bari ta wuce, ta Wi-Fi kuwa ya tare ta. Da ya sake lissafi, ya kuma ɗan rage bakin kowane layi domin sigina takan ɗan zarce ƙarshensa, sai faranti na biyu ya yi aiki.

Kammalawa

Duk wanda zai tsara irin wannan mataci, ya fara sanin irin farantinsa da kaurinsa kafin ya auna ko layi ɗaya. Ya kuma gwada zanen a kwamfuta kafin ya kai a buga masa, domin kuɗin faranti na biyu daga aljihun abokina suka fito.