Yadda Ake Buga Gem a Kan Linux da Tsohuwar Laftof

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafin da ya saba ba Windows 10. Laftof 'yan gwanjo da dama da ke hannun samarin Ikara da Makarfi da Hunkuyi, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da ake sayowa a Sabon Garin Zariya ko titin Beirut a Kano, ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, domin ita tana neman injin Intel zubi na 8 zuwa sama da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Shi ya sa ake ta ba mutane shawarar su koma Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991, wadda kyauta ce kuma kowa na iya duba cikinta ya gyara. Mai rubuce-rubuce da shiga intanet ba shi da fargaba. Mai gem kuwa sai ya bi a hankali.

Matakin farko ba ya cin ko sisi, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Rubuta sunayen gem ɗin da kake bugawa da gaske, ka buɗe shafin ProtonDB a wayarka, ka nemo su ɗaya bayan ɗaya. Masu bugawa ne ke kai rahoto a wurin. In ka ga Platinum ko Gold, to yana tafiya lafiya. In ka ga Borked, ka haƙura. Akasarin gem na Windows aka ƙera su, kuma abin da ke sa su tashi a Linux shi ne Proton, wani tafinta da kamfanin Valve mai Steam ya fitar a Agustan 2018 bisa tsohon aikin Wine. Tafintan ya ƙware ƙwarai, musamman tun da Valve ya fito da na'urar Steam Deck a 2022 wadda Linux ce a cikinta. Sai dai akwai ƙofar da ba ya shiga: gem ɗin intanet masu manhajar kama maguɗi da ke nutsawa can cikin zuciyar Windows. Fortnite da Valorant ba sa yi. Apex Legends ya rufe ƙofa ga Linux a ƙarshen 2024. GTA V za ka buga labarinsa kai kaɗai, amma ɓangaren intanet ya toshe tun Satumban 2024. Babban abin da ya shafe mu a nan shi ne ƙwallo: daga FIFA 23 zuwa jerin EA Sports FC, ba sa tashi. Duk mai gidan gem ya san ƙwallo ce ke kawo ciniki bayan la'asar. In ita ce jarinka, kada ka goge Windows, ko wa ya ba ka shawara.

Na biyu, duba ƙarfin na'urar. RAM giga 4 zai ɗauki Linux Mint, amma gem na son 8. Abin da ya fi RAM muhimmanci shi ne katin hoto. Proton ya dogara da wata fasaha mai suna Vulkan, kuma injinan Intel zubi na 6 zuwa sama sun iya ta sosai, na 3 da na 4 kuwa rabi-rabi ne. Wannan ba ya nufin tsohuwa ta zama shara. Yana nufin abincinta ƙananan gem ne da na da, kuma za mu zo kansu.

Sannan ka kwashe kayanka. Hotunan biki, takardun makaranta, in kai ɗalibi ne a makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi har da aikin furojet, duk ka juye su a wani filash ko waya. Ba a fara wannan aiki da "ai ba abin da zai faru".

Yanzu sai sauke Linux Mint daga shafinsu na asali. Nauyinsa ya kusa giga 3. Akwai nau'in Cinnamon mai kama da Windows, akwai Xfce wanda ya fi sauƙi ga na'ura mai rauni. Masu gardama za su ce maka Ubuntu, wasu Fedora, wasu Bazzite, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni Mint nake ba sabon shiga, don kawai in ya maƙale zai fi saurin samun wanda ya taɓa ganin matsalar. Sami filash mai giga 8, ka yi amfani da Rufus ko balenaEtcher ka rubuta fayil ɗin a kansa. Ka sani duk abin da ke filash ɗin zai goge. Mutum ɗaya ya sauke ya isa unguwa guda. Lasisinsa ya halatta a kwafa a raba.

Kashe laftof, soka filash, kunna, ka riƙa danna F9 in HP ce, F12 in Dell ko Lenovo ce, ka zaɓi filash. Mint zai buɗe ba tare da ya taɓa Windows ɗinka ba. Tsaya nan ka gwada komai: sauti, Wi-Fi, hotsifot na wayarka, hasken allo, da hannun gem. Hannun PS4 da na Xbox galibi da an soka waya suke kamawa. In wani abu ya ƙi, zare filash ka koma inda kake, ba ka yi asarar komai ba.

In komai ya yi, danna Install Linux Mint. Zai tambaye ka ko ya zauna tare da Windows ko ya share ta. Zaɓi zama tare, ka ba shi aƙalla giga 100 in da hali, domin gem na cin wuri. Kafin nan, a cikin Windows, ka kashe Fast Startup, in kuma BitLocker na kunne ka dakatar da shi. Ga gargaɗin da littattafan Turai ba sa damuwa da shi: kada ka fara raba ma'ajiya da wutar NEPA kaɗai alhali batirinka ya mutu. In aka ɗauke wuta a tsakiyar rabon, kana iya rasa Windows da Linux gaba ɗaya. Je wurin mai cajin waya da ke da sola, ka biya shi, ka zauna har a gama.

Da ya tashi, buɗe Update Manager ka sabunta, sannan Driver Manager. Mai katin Nvidia zai zaɓi direban da aka ba da shawara a nan. Mai Intel ko AMD ba ruwansa, nasa na ciki tun asali. Kunna Timeshift ya ɗauki hoton tsarin, don ranar da ka ɓata wani abu ka dawo baya.

Daga Software Manager ka ɗora Steam. Shiga Settings, sannan Compatibility, ka tabbata Proton na kunne. Sababbin zubi suna zuwa da shi a kunne. Gem ɗin da ya ƙi tashi a tsohon Intel, gwada rubuta PROTON_USE_WINED3D=1 %command% a Launch Options ɗinsa. Kuma ka ajiye gem a ɓangaren Linux, kada ka nuna wa Steam ɓangaren Windows, rikici yake jawowa. Gem ɗin shagunan Epic da GOG kuwa, Heroic ne ke buɗe su, Lutris kuma na tattara sauran tsofaffi.

A nan ne ainihin kuɗin yake, wato data. Linux kyauta ce, amma GTA V kaɗai ya kusa giga 100. Shiga Downloads a Steam ka kashe Shader Pre-caching, wanda ke sauke fayiloli a ɓoye yana shanye data. Kowane gem ka sa shi kada ya sabunta kansa sai ka buɗe shi. Yi amfani da datar dare, kuma da ka gama saukewa ka mai da Steam Offline Mode. In abokinka ya riga ya sauke gem ɗin da kai ma ka saya, kwafi fayilolinsa ta Backup, Steam zai tantance su maimakon ya sake saukewa.

Ga mai ƙaramar na'ura, daɗin yana wani wuri. SuperTuxKart tseren mota ne da mutum fiye da ɗaya ke iya bugawa a allo ɗaya, 0 A.D. na dabarun yaƙi ne, Xonotic na harbi, duk kyauta, duk ba sa neman intanet. PPSSPP na buga gem ɗin PSP ko a na'ura mai rauni, PCSX2 na buga na PS2 in injin na da ɗan ƙarfi, amma shi sai ka ciro BIOS daga PS2 ɗinka. Mai son ya mai da tsohuwar kwamfuta akwatin gem zalla, ya duba Batocera: daga filash take tashi, da hannun gem ake sarrafa ta.

Za ka ji gardama iri biyu. Almajiran Richard Stallman, wanda ya kafa aikin GNU a 1983, na ganin ɗora Steam a Linux cin amanar 'yanci ne, tunda manhajar a rufe take kuma lasisi kawai kake saya, ba gem ɗin ba. Maganarsu ta biyu gaskiya ce, kuma shi ya sa na fi son GOG, inda kake sauke fayil ka ajiye abinka. Kamfanonin gem kuma na cewa buɗaɗɗen tsari na sauƙaƙa wa 'yan maguɗi. A ganina lissafi ne ya fi yawa a ciki: masu Linux a Steam ba su wuce 'yan kaso kaɗan cikin ɗari ba, kamfani bai ga ribar wahala dominsu ba.

Abu na ƙarshe bai shafi manhaja ba. Ƙurar hunturu na toshe fankar laftof, zafin Maris da Afrilu kuma ya ƙarasa ta, sai gem ya fara sarƙewa a ɗora wa Linux laifi. Kai wa mai gyara ya busa fankar ya canza man injin sau ɗaya a shekara, kuma kada ka buga a kan katifa. Ka bar Windows a gefe wata guda kana gwadawa. In a watan ba ka buɗe ta ba ko sau ɗaya, to ka goge ta.